Kuɗin Tafki Ba Ɓarna Ba Ne

Duk sa'ad da aka tayar da maganar Gwamnati ta ware kuɗin taimako domin haƙa tafkuna a karkara, irin waɗanda kifi da tsuntsu da kwaɗo za su zauna ciki, ba a rasa mai yin tsaki. Sai ka ji ya ce, "Ashe wasa bai ƙare ba! Mutane suna fama da yunwa da 'yan bindiga, ku kuwa kuna nema wa kwaɗo gida?" Masu wannan magana ba jahilai ba ne duka. Cikinsu akwai ma'aikatan ofis, akwai attajirai, har da waɗanda alhakin rabon dukiyar jama'a ya ke wuyansu. Saboda haka ya wajaba a ba su amsa a fili, da hujja, yadda duk wanda ya iya karatu zai auna da hankalinsa. Amsar kuwa tana nan ƙasar Zamfara ta yamma, a Tungar Guru da maƙwabtanta, kuma jama'ar wurin sun biya ta da tsada ƙwarai.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi ruwan sama ya kan sauka wata huɗu ko biyar ne kaɗai, sauran shekara duka rani ne. Abin da ya sauka ɗin ma yawancinsa ba ya tsayawa. Ya bi zaizaya ya shiga ƙorama, ƙorama ta kai shi gulbi, Gulbin Zamfara ya wuce da shi ta Gummi da Jega, ya tafi da ƙasar gonakinmu a bayansa. Ɗan abin da ya rage wa ƙauye shi ne wanda ya kwanta a tafki, ko a fadama, ko a kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Da wannan ragowa a ke shayar da shanu da awaki, da ita a ke kwaɓa ƙasa a yi tubali, da ita a ke ban ruwan lambu. Ruwan da ya kwanta kuma yana tsatsafawa ƙasa a hankali, shi ya sa rijiyar da ke kusa da tafki ta kan daɗe ba ta ƙafe ba. Tafki rumbu ne, sai dai ruwa a ke tarawa ciki maimakon hatsi.

To, ina ruwan kwaɗo da tsuntsu cikin wannan lissafi? Ga inda su ke shigowa.

A shekarar 2010 annoba ta faɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kuɗin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, talakawa suka duƙufa haƙar dutse a daji. Su kan kawo dutsen cikin gida, a daka a turmi, ko a niƙa da injin niƙan hatsi, sa'an nan a wanke garin a tsame zinariyar da zaiba. Ba su sani ba, ashe dutsen nan cike ya ke da dalma. Ƙurarsa ta bi ɗakuna da tsakar gida da kwanukan abinci. Yara ƙanana, masu rarrafe suna sa hannu a baki, su suka fi sha. Sai sanƙarewa, sai suma, sai mutuwa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar yara, a watan Mayu ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo suka taimaka da bincike. A ƙauyuka biyu kaɗai sun ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka iske 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimlar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400.

Amma akwai wani abu da mutanen ƙauyukan suka gaya wa masu binciken daga baya. Sun ce tun kafin yara su fara mutuwa, agwagi sun riga sun fara ɓacewa. An gani, ba a kula ba, don wa zai damu da agwagwa? Alhali kuwa agwagwa ita ce mai tsoma baki cikin laka tana tsotsa, a tafkin nan da a ke wanke dutse. Ita ta fara cin gubar, ita ta fara mutuwa. Sanƙira ce ta yi shela a tsakiyar gari, ba wanda ya saurara. Da a ce akwai mutum guda wanda aikinsa shi ne lura da tafki da abin da ke cikinsa, wanda in ya ga agwagi suna faɗuwa zai kai wa dagaci labari, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kira ma'aikatan lafiya, da watakila an tarbi abin tun yana ƙarami. Ruwa ba ya tsami banza. Halittun da ke zaune cikin tafki su ne ma'aunin talaka. Ba shi da kwalabar gwaji, ba shi da na'ura, amma yana da ido. In ya ga kifi yana wasa, kwaɗi suna kuka da dare, belbela da zalɓe suna sauka, mazari yana shawagi, ya san ruwan nan yana da rai. In ya ga tafki ya yi tsit, to, ya kama hannun ɗansa.

Don haka mai cewa a bar maganar kwaɗo a yi ta mutane ya raba abin da ba ya rabuwa. Ruwan da ya kashe agwagwa shi saniya ke sha, nonon saniyar kuwa ciki wa zai shiga?

Tungar Guru tana cikin ƙauyuka takwas da aka share wa gubar nan. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru. Bagega ce ta zo ƙarshe, a 2013. Yadda aka yi aikin abin lura ne. An kankare ƙasar da ta gurɓata daga gidaje 820 da wuraren niƙan dutse, har da lakar waɗansu tafkuna, aka kwashe aka binne cikin ramukan da aka tanada, aka zuba sabuwar ƙasa mai tsabta. Ƙasar da aka kwashe ta fi mita 27,000 in an auna tsawo da faɗi da zurfi. Yawancin wannan aiki kuwa da hannu aka yi shi, da fartanya da shebur da buhu, mutanen ƙauyukan ne da kansu, masana suna nuna musu wurin da za su kankara. Wanda ya iya kwashe wannan tudun ƙasa domin ya ceci 'ya'yansa, ashe haƙa tafki zai gagare shi? Ƙarfi yana nan, sanin ƙasa yana nan. Abin da babu shi ne ladan ma'aikata, da kayan aiki, da mai auna wuri. Wannan shi ne gurbin kuɗin taimako.

Kada kuma wani ya ce babu kuɗin. Tun farkon shekarun 1990 Gwamnatin Tarayya ta ke karɓar kuɗi daga Bankin Duniya domin aikin Fadama, kashi na uku kaɗai da aka amince da shi a 2008 dala miliyan 250 ne. A watan Disamba na 2021 bankin ya amince da dala miliyan 700 domin wani shiri mai suna ACReSAL, na gyaran ƙasar da ta lalace da tattalin ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Zamfara tana ciki. Ku lura da kyau, wannan kuɗi rance ne. Jikokin mutumin Tungar Guru suna cikin waɗanda za su biya shi, ko an yi musu aiki ko ba a yi ba. Wanda za a bi bashi kuwa yana da bakin tambayar abin da aka saya da kuɗin. Abin da na ke kira a yi shi ne, duk lokacin da irin wannan kuɗi ya zo, a yanke wani kashi sananne a ba ƙauyuka kyauta, su haƙa ƙananan tafkuna masu rai, su yashe tsofaffin da suka cike.

Na san manyanmu sun fi son babban aiki. Babbar madatsa tana da daɗin buɗewa, a zo da motoci da makaɗa, a yanke ƙyalle. Amma mu a wannan ƙasa mun ga babban aiki da idonmu. An gina madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara daga 1974 zuwa 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane, rigimar diyya ta yi tsanani, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka yi asarar rayuka. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma, waɗanda ba a ko lissafa da su ba, suka ga ambaliyar da ta saba shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Ban ce madatsa ba ta da amfani ba. Amma mutumin Tungar Guru ba zai kora akuyarsa zuwa Bakolori ta sha ruwa ba. Ƙaramin tafki ba ya tayar da kowa daga gidansa, ba ya bukatar injiniya daga ƙetare, in ya lalace masu shi sun iya gyara abinsu. Kuɗin da za a kashe wa babbar madatsa guda ya isa tafkuna masu yawan gaske, kowanne a bakin ƙofar masu bukatarsa.

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. A Ingila, ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, an lissafta wajen rabin tafkunan karkara sun ɓace cikin ƙarni na 20, don an cike su an yi gonaki da gidaje. Yanzu ana biyan kuɗi a haƙa sababbi cikin gonakin manoma, a kuma yashe tsofaffi, domin wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare wadda ke haihuwa cikin ruwa. Masu gine-ginen da suka ɓata mata mazauni su ke biyan kuɗin. Wannan ƙa'ida mai kyau ce, wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Me zai hana duk wanda aka ba izinin haƙar zinariya a ƙasar Anka ko Bukkuyum a ɗora masa wani abu domin tafkunan ƙauyukan da ya ke haƙa kusa da su? Maƙwabtanmu na Nijar ma sun san darajar abin. Tafkin Tabalak na jihar Tawa, wanda masunta da masu lambu da makiyaya su ke ci daga gare shi, tun 2005 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Haka aka yi wa dausayin Nguru a nan gida, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga ƙasashen Turai su ƙetare Sahara su zo su yi hunturu.

Masu sukar nan suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a ƙi sauraronsu. Hujja ta farko ita ce sauro. Suna cewa ruwan kwance gidan sauro ne, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi. Gaskiya ne sauro cikin ruwa ya ke ƙwai. Amma a duba wane irin ruwa ya fi so: ɗan ruwan da ya kwanta a sawun kofato, da ramin tubali, da kwatami, da fasasshiyar tukunya, inda babu abin da zai ci 'ya'yansa. Tafkin da ke da ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari da sauran ƙwarin ruwa, su ke kiwon 'ya'yan sauro. Mataccen kududdufi shi ne gonar sauro, irinsa kuwa muna da su a bayan kowane gari ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Hujja ta biyu ita ce kurkunu da tsargiya. Dattawa ba su manta da kurkunu ba, yadda ya kan kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa. Shan ruwan tafki ke kawo shi. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Amma yaya aka yi aka rabu da shi? Ba cike tafkuna aka yi ba. Tace ruwa aka koya wa mutane, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa cikin ruwan jama'a. Mutum na ƙarshe da ya kamu da shi a ƙasar nan a 2008 aka gan shi, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. Tsargiya kuwa tana nan har yanzu. Ƙwayarta tana fita cikin fitsarin mai ciwon, ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ta fito ta huda fatar mai wanka. Maganinta yana nan, ana raba shi a makarantu, rigakafinta kuma shi ne a hana fitsari da bayan gida a bakin ruwa. Saboda haka tafkin da mu ke magana ba na shan mutane ba ne. Mutum ya sha rijiya, dabba ta sha tafki. Duk tafkin da za a haƙa a haɗa shi da rijiya mai murfi nesa kaɗan da shi, tafkin ya riƙa ciyar da ita ta ƙarƙashin ƙasa.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, ita ce rashin zaman lafiya. Suna cewa wa zai tsaya haƙa tafki a ƙasar da a ke sace mutane a gona, ƙauyuka suna watsewa? Ba mai musun wannan masifa, kuma inda mutane suka gudu ba a maganar tafki sai sun dawo. Amma mu tuna da ɗaya daga cikin saiwoyin fitinar. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, aka yi ƙananan madatsai na ƙasa a cikinsu domin shanu. Shekaru suka wuce ba a yashe su ba, da yawa suka cike da yashi. Burtali ya zama gona, mashaya ta zama lambu. Garken da ya rasa ruwa a daji dole ya gangaro fadama, inda manomi ya zuba guminsa. Daga nan sai ɓarna, sai tara, sai gaba. Ban ce tafki zai ƙwace bindiga daga hannun ɓarawo ba. Amma kowace mashaya da aka ƙara ta rage dalili guda na faɗa tsakanin manomi da makiyayi, waɗanda kakanninsu suka yi zaman nono da hatsi shekaru aru-aru.

Akwai hujja ta huɗu wadda ba a faɗinta da ƙarfi, ita ce kuwa ta fi gaskiya: kuɗin ba zai isa wurin ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kowa ya san yadda a kan yi. A ba ɗan kwangila daga birni, ya kawo katafila ta yi kwana biyu tana tono, a kafa allo mai ɗauke da sunan aikin, a ɗauki hoto. Ruwan farko ya mai da ƙasar cikin ramin, kafin Janairu ya bushe ƙayau, allon kaɗai ya rage. Wannan cuta ce ta gaske, amma maganinta sharaɗi ne, ba hana kuɗi ba. Ga sharuɗɗan da na ke ganin in an tsare su aikin zai tsaya.

Na farko, a auna ƙasa kafin a sa diga. A ƙasar zinariya wannan tilas ne. Akwai na'urar hannu da a ke ɗorawa bisa ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki nan take, da ita aka yi aiki lokacin sharar Tungar Guru. Kada a haƙa tafki inda ruwa zai gangaro daga wurin niƙan dutse. Kada kuma a yarda ko sau ɗaya a wanke dutse cikinsa. Masu wankin dutse a yi musu raminsu dabam, can nesa da gari, wanda ruwansa ba ya fita.

Na biyu, kuɗi ya zo kan kari. Lokacin haƙa tafki daga bayan kaka ne zuwa bazara, sa'ad da ƙasa ta bushe, samari ba su da aikin gona, ladan kuma zai hana waɗansu tafiya cin rani ko faɗawa ramin zinariya. Kuɗin da ya iso a watan Yuni ya makara da shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun ga abin da jinkiri ya yi a Bagega. A watan Mayu na 2012 aka yi alkawarin naira miliyan 850 domin yaƙi da gubar, amma kuɗin sharar garin bai fito ba sai ƙarshen Janairun 2013. Duk tsawon watannin nan yara wajen 1,500 suna jira, likitoci ba su iya fara ba su magani ba, domin ba amfani a fitar wa yaro guba daga jini alhali zai koma ya kwana cikinta.

Na uku, kuɗin ya shiga hannun jama'ar gari, a idon kowa. A kafa 'yan majalisar tafki: dagaci, da liman, da Sarkin Noma, da Arɗon Filanin da ke shayarwa a wurin, da mace guda aƙalla, don mata su suka fi kowa zirga-zirga bakin ruwa. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da boko da ajami, a manna a ƙofar dagaci, a kuma karanta wa jama'a ranar kasuwa. Kowane kwabo da rasit. Masu dubawa daga Gusau su zo su ga ramin da idonsu kafin a biya kashi na gaba, gama gani ya kori ji.

Na huɗu, a haƙa shi yadda zai rayu. Rana da iskar ƙasarmu su kan shanye kimanin mita 2 na ruwan da ke fili cikin shekara, watau tsayin mutum da ɗoriya. Tafkin da bai fi haka zurfi a tsakiya ba, ba zai ga bazara ba. Gefensa kuwa ya zama gangare mai sauƙi, don kada yaro ko ɗan maraƙi ya zurma, don kuma ciyawar ruwa ta sami wurin kamawa. A yi ɗan rami a mashigar ruwa wanda zai tare yashi, a riƙa kwashe shi kowane rani. A yi mafita ta dutse inda ruwa zai wuce in ya cika, kada ya fasa gaɓa. Gefe guda a bar wa dabbobi mashaya, a bar burtalin da ke zuwa gare ta a buɗe. Ɗaya gefen a killace shi, a bar bado da burugu su fito, a dasa jema ta riƙe ƙasa, a sa giyayya da bagaruwa a bayanta. Nan kifi zai yi ƙwai, nan kirinjijiya da dinya za su sauka. In an yi sa'a har gauraka, wadda yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani ba, ta dawo.

Na biyar, a naɗa mai tsaro, a kuma ajiye kuɗin kulawa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin kakanni akwai Sarkin Ruwa, shi ke rufe ruwa, shi ke buɗe shi ranar su. Dubi Argungu, inda a ke hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa in an shiga da homa da gora a ke fitowa da giwan ruwa wanda mutum guda ba ya iya ɗauka. Haka za a yi wa tafkin gari: a zuba tarwaɗa da karfasa, a rufe, a buɗe sau ɗaya a shekara, abin da aka samu a raba, a cire na gyara. Mai tsaron kuma shi ne zai zama idon gari. In ya ga kifi ya taso ciki sama, ko tsuntsu ya mutu a gaɓa, ya kai labari a ranar. Mai ba da taimako kada ya biya duka a shekarar farko. Ya riƙe wani kashi, ya zo a watan Afrilu shekara uku a jere, ya tambayi abu uku: akwai ruwa, akwai kifi, tsuntsu yana sauka? In an ce i, ya biya. Allo da hoto ba su isa shaida ba.

Na shida, a rubuta takardar filin. Tafki na gari ne, da gefensa da hanyar zuwa gare shi. Hakimi da ƙaramar hukuma su sa hannu, a ajiye takardar wuri biyu. In ba haka ba, ranar da ruwa ya tsaya kifi ya girma, sai wani mai ƙarfi ya tuna ashe gonar kakansa ce.

Yanzu sauran ku, 'yan'uwa masu karanta wannan littafi. Kada ku zaci wannan magana ta manya ce. Kuɗin Bagega bai fito don an ga dama ba. Ya fito ne bayan waɗansu matasa da ƙungiyoyi sun yi ta tambaya, sun yi ta rubutu, sun bi sawun kuɗin daga ofis zuwa ofis har abin ya zama kunya. Makaminsu karatu da rubutu da lissafi, ga shi kuwa yanzu yana hannunku. Ku zauna ku rubuta sunayen tafkunan ƙasarku, da wanda ya cike, da wanda ya ƙafe, da watan da kowanne ke ƙafewa. Ku tambayi tsofaffi irin kifi da tsuntsun da a ke gani dā, ku rubuta. Ku kai takardar ga dagaci da kansila da ofishin gona na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi. In an ce an ba da kuɗi, ku tambayi nawa ne, ranar yaushe, hannun wa. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Su kuma masu tsaki, muna roƙonsu su je Tungar Guru ko Dareta ko Bagega, su tambayi iyayen da suka binne 'ya'yansu a 2010 ko lafiyar ruwan bayan gari ƙaramar magana ce. In sun dawo, sai mu ci gaba da muhawara. Allah Ya jiƙan yaran nan, Ya ba ƙasar Zamfara lafiya da zama lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar abin da aka danƙa musu, amin.